Darasi na 11: Yadda Darajar Mota Ke Raguwa da Abin da Ke Yanke Kuɗinta Ranar Sayarwa

Manufar darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. Bayyana dalilan da ke sa darajar mota ta ragu shekara bayan shekara.
2. Lissafa abin da motarsa ko babur ɗinsa ke ragewa a shekara, a wata da kuma a rana.
3. Bambance tsakanin tashin farashi da ƙaruwar daraja.
4. Ambata abubuwan da mai saye ke dubawa kafin ya yi tayi.
5. Kula da abin hawansa yadda zai yi kuɗi ranar da zai rabu da shi.

Gabatarwa

A Manchok da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Ƙaramar Hukumar Kaura, in ka cire gida da gona, babu dukiyar da ke cin kuɗin iyali kamar mota. Malamin makaranta yakan yi shekaru yana zubin adashe saboda ita. Ɗan fansho yakan zuba kuɗin sallamarsa a kanta, da fatan ta riƙa jigila tsakanin Manchok, Kagoro da Kafanchan tana kawo na cefane. Manomi yakan sayar da masara da doya da citta ya sayi akori-kura, matashi kuma yakan fara da babur.

Kowa yana lissafin ranar saye, kaɗan ne ke lissafin ranar sayarwa. Alhali duk wanda ya sayi mota zai rabu da ita wata rana: ko ya sayar, ko ya yi musaya ya cika kuɗi, ko kuma ta tsaya a ƙofar gida har 'yan gwangwan su zo su kwance ta. Abin da za ka samu a wannan rana, tun daga ranar da ka karɓi makulli kake gina shi ko kake rushe shi.

1. Me ya sa darajar mota ke raguwa?

Gonar da ka saya bana, in ka bar ta shekara goma tana nan yadda take, kuma masu nemanta ƙaruwa suke yi. Mota kuwa daga ranar da ta bar wurin dillali ta fara tsufa. Abubuwa uku ne ke cin darajarta.

Na farko shi ne aiki. Kowace tafiya tana cin wani abu a jikin mota: ringin inji yana sassautawa, faifan kuloci yana siɗewa, birki da taya suna ƙarewa, ƙafafu suna saki. Mai saye ya san cewa nauyin gyaran nan kansa zai dawo, don haka yake cire kuɗinsa daga tayin da zai yi.

Na biyu shi ne shekaru. Ko da an kafe mota ba a hawa, robobinta suna bushewa, batir yana mutuwa, rana tana cin fenti, tsatsa tana shiga. Motar da ta daɗe a ajiye takan tashi da matsalolin da wadda ake hawa kullum ba ta da su.

Na uku shi ne kasuwa. Kamfanoni suna fito da sabon samfuri, hankalin mutane ya koma kansa, tsohon ya rage masoya. Haka kuma tsadar mai ko ƙarancin kayan gyara kan sa a guji wata irin mota ko da lafiyarta lau.

Faɗuwar ba daidai take tafiya ba. Sabuwar mota ce ta fi saurin faɗuwa. A Amurka da ƙasashen Turai, sabuwar mota kan rasa wajen kashi 20 cikin 100 na kuɗinta a shekarar farko, kafin shekara biyar kuma takan rasa kusan rabi ko fiye. Wannan ne tushen cinikin motocin da muke kira tokunbo ko Beljiyam: mai ita na farko a can ya riga ya ɗauki babbar asarar, mu kuma muna sayen ragowar ƙarfinta. Da zarar an yi wa tokunbo rajista an sa mata lambar Najeriya, ta zama ta hannu, kuma kuɗinta ya sauka ko da wata ɗaya kawai aka hau ta.

2. Yadda ake lissafin raguwar daraja

Alƙaluman da ke cikin misalan nan na koyon lissafi ne kawai. Kowa ya sa farashin da ya sani a kasuwa a lokacin da yake karatu.

Hanya ta farko: raba asara daidai a kan shekaru. A ce direba ya sayi mota Naira 4,800,000 don haya, yana sa ran bayan shekara 5 zai sayar da ita Naira 1,800,000.

Abin da za ta rage gaba ɗaya: 4,800,000 − 1,800,000 = 3,000,000
A shekara: 3,000,000 ÷ 5 = 600,000
A wata: 600,000 ÷ 12 = 50,000
A rana, in yana aiki kwana 25 a wata: 50,000 ÷ 25 = 2,000

Ma'anar wannan ita ce, kowace ranar aiki motar tana cinye Naira 2,000 daga jikinta. Direban da ya dawo da yamma ya cire kuɗin mai, kuɗin tasha da na abinci, ya ce sauran duka riba ce, ya yi kuskure. Naira 2,000 daga cikin abin da ke aljihunsa na motar ne. In bai ware su ba, jarinsa yake ci, kuma ranar da motar ta gaji ba zai sami abin sayen wata ba. Wannan ne dalilin da ya sa ake ganin mutum ya yi shekaru yana da motar kansa, daga baya ya koma tuƙa ta wani.

Hanya ta biyu: cire kaso daga abin da ya rage. Wannan ta fi kusa da yadda kasuwa ke tafiya. A ce mota ta Naira 5,000,000 tana rage kashi 10 cikin 100 kowace shekara.

Ƙarshen shekara ta 1: 5,000,000 − 500,000 = 4,500,000
Ƙarshen shekara ta 2: 4,500,000 − 450,000 = 4,050,000
Ƙarshen shekara ta 3: 4,050,000 − 405,000 = 3,645,000

Ku lura, asarar shekarar farko ta fi ta biyu, ta biyu ta fi ta uku. Mota tana tsufa, faɗuwar kuɗinta tana raguwa, amma kuɗin gyaranta yana hawa. Mai hankali yana sa ido kan lokacin da kuɗin gyaran shekara ya fara kusantar abin da motar ke kawowa, don a nan ne ya kamata ya fara tunanin sauyawa.

3. Farashi ya tashi, shin daraja ta ƙaru?

A nan ɗalibi zai iya cewa: “Malam, ai a ƙasar nan mota ba ta faɗuwa. Maƙwabcina ya sayi tasa, bayan shekara uku ya sayar ninki biyu.” Maganar gaskiya ce, kuma ya kamata mu tsaya a kanta, domin ita ce ta fi ruɗar mutane.

Yawancin motocin da ke kan hanyoyinmu daga waje ake shigo da su, da dala ake sayen su, kuma da farashin dala ake lissafin kuɗin kwastan. Daga ranar 1 ga Janairu, 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, abin da ya taƙaita hanyar Kwatano da dillalan Arewa suka daɗe suna bi. A 2022 hukumar kwastan ta fara yanke kuɗin fito ta hanyar lambar casis. A watan Yunin 2023 aka bar kasuwa ta yanke darajar Naira: dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Da tokunbo ta yi tsada, sai jama'a suka koma kan motocin hannu, su ma kuɗinsu ya tashi.

Yanzu mu auna cinikin maƙwabcin. A ce ya sayi tokunbo Naira 2,500,000 a tsakiyar 2021, lokacin da dala take wajen Naira 500 a hannun 'yan canji. Kuɗin motar ya kama dala 5,000. A 2024 ya sayar Naira 5,000,000, dala tana wajen Naira 1,500.

5,000,000 ÷ 1,500 = kimanin dala 3,333

Motar ta rasa kashi ɗaya cikin uku na darajarta, duk da cewa Nairorin da ya ƙirga sun ninka. In ya je sayen irin tokunbon da ya saya a 2021, mai kuɗi dala 5,000, za a ce masa Naira 7,500,000. Sai ya cika Naira 2,500,000 kafin ya koma inda yake a da.

Ba sai ka san farashin dala ba kafin ka yi wannan awo. Tambayi kanka abu biyu. Buhun masara nawa kuɗin motar ke saye ranar da na saye ta, nawa kuma yake saye yau? Sannan in na sayar, nawa zan cika in sami kamarta? Amsar waɗannan ce ke nuna riba ko asara. Wanda ya sayar da motar da yake neman abinci da ita don ya ji an yi tayi mai yawa, ba tare da ya tambayi kuɗin wata ba, yakan wayi gari babu mota, kuɗin kuma ba su isa sayen wata ba.

4. Abubuwan da ke yanke kuɗin mota ranar sayarwa

(a) Irin motar da samuwar kayan gyaranta

Motar da kowane makanike ya san cikinta, kayanta kuma suna nan a shagunan Kafanchan, ta fi riƙe kuɗinta. Wadda sai an aika Jos, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas kafin a sami ƙaramin abu, masu tayinta kaɗan ne, kuma in masu tayi suka yi kaɗan farashi ya sauka.

Tarihin Peugeot a jiharmu ya isa misali. Tun 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri, Kaduna. An ci gaba da harhaɗa 504 a can har tsakiyar shekarun 2000, shekaru masu yawa bayan an daina yayinta a Faransa. A zamaninta ita ce motar gwamnati, motar tasha da motar manomi. Tana da tsayin ƙasa, tana jure ramuka, kayanta kuma ko'ina akwai, shi ya sa tsohuwar 504 ba ta kwana a hannun dillali. Da tokunbo suka cika ƙasa, kayan 504 na asali suka yi wuya, sai kasuwarta ta ja baya. Yau irin wannan karɓuwa tana wurin motoci kamar Toyota Corolla, Camry, Hiace da Hilux, a tashoshi kuma Golf da Sharan. Darasin shi ne, tun ranar saye ka tambayi kanka: in na tashi sayarwa, wa zai saya a yankin nan?

(b) Lafiyar inji da giya

Nan ne kuɗi mai yawa yake. Mai saye da ya san abin da yake yi da safe yake zuwa, inji yana sanyi, domin a lokacin ne ciwo ke bayyana. Shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce ta injin da ke cin baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, ko baƙin mai da ya koma kalar shayi da madara, alama ce ta gaskit da ya ƙone har ruwa ya haɗu da mai. Giyar otomatik da ke jinkiri ko fizga kafin ta shiga tana neman babban gyara. Injin da aka taɓa saukewa ko aka sauya ba ya yin kuɗin wanda ba a taɓa buɗewa ba.

(c) Bodi, fenti da hatsari

Motar da ke da fentinta na kamfani, wadda dillalai ke kira fas bodi, ta fi wadda aka sake wa fenti kuɗi, ko da fentin kamfanin ya ɗan koɗe. Dalili shi ne sabon fenti yana iya ɓoye aikin fanal bita. Ƙaramin gogewa ba ya rage kuɗi sosai, amma hatsarin da ya taɓa casis yana bin mota har ƙarshenta: takan ja gefe ɗaya, ta riƙa cin taya, ƙofofi su daina rufuwa daidai. Wasu tokunbo ma da rauninsu suke zuwa, domin daga gwanjon motocin hatsari ko na ambaliya ake sayo su a Amurka a gyara. Motar da ta sha ambaliya takan yi warin danshi, kuma matsalar wayarin ba ta ƙarewa. Waɗanda suka fito daga ƙasashen ƙanƙara, inda ake zuba gishiri a kan titi, sukan zo da tsatsa a ƙasansu. Motar da aka mayar wa sitiyari daga dama zuwa hagu ita ma kuɗinta ƙasa yake.

(d) Nisan tafiya da irin aikin da ta yi

Agogon tafiya yana nuna nisan da mota ta ci. Motocin Amurka da mil suke ƙirga, mil 100,000 kuma daidai yake da kimanin kilomita 160,000. Sai dai ana iya mayar da agogo baya, don haka masu saye ke duba siɗewar sitiyari, robar feda da kujerar direba. Irin hanyar ma tana da tasiri. Hawan da ke tsakanin Manchok da Filato ta Ganawuri yana gwada lagireto da kuloci, gangarowa kuma yana cin birki. Hanyoyin ƙauye a damina, da laka da kwazazzabai, suna kashe shokoba da bushin, lakar da ta manne a ƙasan mota kuma tana riƙe danshi har tsatsa ta kama. Lodi fiye da kima, irin wanda ake yi da kaka, yana lanƙwasa sifirin ya gajiyar da giya. Saboda haka motar gida ta fi wadda ta yi haya kuɗi, ko da shekarunsu ɗaya.

(e) Takardu

Mota mai lafiya marar takardu, rabin mota ce a kasuwa. Mai saye zai nemi takardar biyan kuɗin kwastan, shaidar mallaka, lasisin mota, takardar ingancin hawa hanya, inshora, da rasidi ko yarjejeniyar cinikin da ya gabata. A Janairun 2023 aka mayar da kuɗin ƙaramar inshora ta motar gida Naira 15,000 a shekara. Lambar casis, wadda a motocin zamani take da haruffa da lambobi 17, dole ta zama ɗaya a jikin mota da cikin takardu. Jami'an kwastan suna da ikon kama motar da ba a biya mata fito ba, ko hannu nawa ta bi kafin ta zo gare ka. Sayen motar sata kuwa yana kai mutum gaban alƙali, ya rasa mota ya rasa kuɗi.

(f) Shan mai

Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta koma wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Tun daga nan tambayar farko da mai saye ke yi ita ce yadda mota ke shan mai. Ƙananan motoci masu silinda huɗu suka ƙara farin jini, manya masu silinda shida ko takwas suka daɗe a hannun masu su.

(g) Lokaci da halin mai sayarwa

Wanda kuɗin makaranta ko na asibiti ya matsa wa, abin da aka taya shi zai karɓa, dillalai kuma suna gane mai gaggawa tun daga muryarsa. Bayan kaka, da ƙarshen shekara lokacin da mutane ke dawowa gida Kirsimeti da bikin Afan na Kagoro, kuɗi sun fi yawa a hannun jama'a fiye da tsakiyar damina, lokacin da kowa ya zuba nasa a taki. In za ka sa dillali, ku yanke la'adarsa tun farko, kuma ka nemi a haɗa ka da mai saye ido da ido.

5. Karatu: A garejin makanike

Wani dattijo ɗan fansho ya kai motar da aka yi masa talla wurin makaniken da ya yarda da shi. An sa mata kuɗi Naira 4,500,000.

“Ɗana, duba mini ita da kyau. Kuɗin sallamata ne zan zuba.”

“To Baba, ba a cinikin biri a sama. Bari mu ɗora ta a rami.”

Makaniken ya shiga ƙarƙashinta da tocila, ya girgiza ƙafafun gaba, ya bi salansa da hannu. Da ya fito sai ya ɗora ɗan maganaɗisu a kan ƙofar baya, ya kama. Ya kai shi kan fendar gaba ta dama, ya zame ya faɗi.

“Baba, nan an cika da bodifila, an taɓa buge ta. Amma na duba casis, bugun bai kai can ba. An kuma cire indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, shi ya sa wutar nan ta dashbod ba ta mutuwa.”

“Tayoyin fa? Na ga kamar da sauransu.”

“Zanensu da saura, amma duba nan.” Ya nuna lambobi huɗu a gefen taya. “Ka ga 2319? Sati na 23 na shekarar 2019 aka yi ta. Jami'an kiyaye haɗurra shekara huɗu suke ba taya. Duka huɗun sai an sauya.”

“To me ka gani, ɗana? In bari?”

“Inji da giya lafiya lau, Baba, takardu kuma sun yi daidai da lambar casis. Mota ce ta saye, amma ba a wannan kuɗin ba. Mu rubuta kuɗin taya huɗu, da na indomi, da na ƙafar gaba, a cire daga abin da suka faɗa, sannan a rage wani abu saboda bugun.”

Ku lura da yadda kowane aibu ya koma kuɗi. Haka mai saye zai yi wa taka motar ranar da ka kai ta kasuwa.

6. Yadda za ka kare darajar motarka

Shekaru da farashin dala ba a hannunka suke ba. Waɗannan kuwa a hannunka suke:

1. Yi juyen baƙin mai a kan lokaci, da man da ya dace da injin, ka sauya filta tare. Ga mai na gama-gari, makanikai da yawa suna ba da shawarar kada a wuce kilomita 5,000.
2. Duba ruwan lagireto da baƙin mai kowace safiya. In allurar zafi ta hau, tsaya nan take. Tafiyar minti kaɗan da inji mai zafi tana iya ƙona gaskit ko ta sa inji ya buga.
3. Gyara ƙaramar matsala tun tana ƙarama. Robar da ta yage yau, in an bar ta, gobe shaf za ta ci.
4. Wanke ƙasan mota a damina, ka ajiye ta a inuwa in da hali.
5. Kada ka yi lodin da ya fi ƙarfinta. Kuɗin buhu biyu na ƙari ba ya sayen sifirin.
6. Kada ka bari a cire indomi ko a yanke wayoyi barkatai. Tsaya a kan makanike ɗaya da riwaya ɗaya da ka yarda da su.
7. Sabunta takardu kafin su mutu, ka ajiye na asali a gida cikin leda, ka yi canjin suna da zarar ka saya.
8. Buɗe littafin mota. Ƙaramin littafin rubutu ya isa: kwanan wata, abin da agogo ya nuna, aikin da aka yi, da kuɗin da aka kashe. Wannan littafi shaida ce a gaban mai saye, kuma kai ma zai nuna maka gaskiyar abin da motar ke ci.
9. Ware kuɗin raguwar daraja. Tunda Naira tana faɗuwa, a riƙa sake lissafin kowace shekara bisa sabon farashin mota, kuma a sa kuɗin inda ba za a taɓa su ba, kamar ƙungiyar haɗin kai ko asusu na dabam.

Duk waɗannan sun shafi babur da Keke Napep, har ma sun fi shafar su, domin su sun fi mota saurin gajiya.

7. Gaskiya a ciniki

Wasu kan zuba mai mai kauri don ɓoye ƙarar inji, ko su mayar da agogo baya, ko su cire ƙwan wutar gargaɗi. Wannan ha'inci ne, coci da masallaci duk sun hana shi, doka ma tana hukunta shi. Yana kuma iya cin rai, domin motar da aka ɓoye matsalar birkinta mutane za ta ɗauka. A gari kamar Manchok, inda kowa ya san kowa, wanda ya cuci mai saye sau ɗaya ya rasa amincin da ya fi kuɗin motar. Faɗi aibun motarka, ka nuna littafinta, ku rubuta yarjejeniya da sunaye, lambar mota, lambar casis, kuɗin da aka biya da sa hannun shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafinsa. Ka kuma tabbatar mai saye ya yi canjin suna, don kada a aikata laifi da motar a zo neman ka.

Tambayoyi

1. Kawo dalilai uku da ke sa darajar mota ta ragu.
2. An sayi babur Naira 1,200,000, ana sa ran sayar da shi Naira 480,000 bayan shekara 3. Nawa yake ragewa a shekara? Nawa a wata?
3. Mota ta Naira 6,000,000 tana rage kashi 10 cikin 100 kowace shekara. Nawa za ta kai bayan shekara 2?
4. Wata mata ta sayi mota Naira 2,000,000 lokacin da buhun masara yake Naira 20,000. Ta sayar Naira 3,600,000 lokacin da buhu ya kai Naira 60,000. Buhu nawa kuɗin ke saye a farko, nawa a ƙarshe? Riba ta ci ko asara ta yi?
5. Lissafa takardu biyar da mai saye zai nema.
6. A cikin karatun gareji, waɗanne aibobi makaniken ya gano, kuma ta yaya ya gane kowanne?

Aikin rukuni

Ku kasu uku. Rukuni na farko su je tasha su tambayi direbobi irin motar da ta fi saurin sayuwa da dalili. Na biyu su je wurin makanike su tambayi gyare-gyare uku da suka fi tsada da abin da ke jawo su. Na uku su rubuta samfurin yarjejeniyar cinikin mota. Kowane rukuni zai yi wa aji bayani a zama na gaba.

Aikin gida

Duk mai mota, babur ko Keke Napep ya buɗe littafinsa a wannan mako. A shafin farko ya rubuta ranar saye, kuɗin da ya biya, kuɗin irinsa a kasuwa yau, da abin da ya kamata ya riƙa warewa kowane wata. Wanda ba shi da abin hawa ya yi wa wani a gidansu wannan lissafi. A zo da littafin aji, kuma a fara ware kuɗin daga wannan watan.